Darasi: Taimakon gwamnati ga mata masu ciki, da namu aikin

A ƙauyukanmu mata da yawa suna rasa ransu wajen haihuwa. Abubuwan da suka fi kashe su su ne zubar jini, jijjiga da doguwar naƙuda. Dukansu suna da magani, in dai an kai mace asibiti da wuri.

Abin da gwamnati ta yi

A shekarar 2009 gwamnatin Nijeriya ta soma aika ungozomomi masu horo zuwa ƙananan asibitocin karkara, har da waɗanda suka yi ritaya. A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a riƙa keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A watan Nuwamba 2024 kuma Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya sanar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali aikin tiyatar haihuwa kyauta. Ana yin wannan a zaɓaɓɓun asibitoci ne, saboda haka mu tambayi ma'aikacin lafiya wanne ne ya fi kusa da mu.

Abin da ya rage gare mu

Ungozoma ba za ta ceci macen da ba a kawo mata ba. Sau da yawa jinkirin daga gida yake farawa. Ana jiran maigida ya dawo daga gona ya ba da izini, ko kuwa ana neman kuɗin mota cikin dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta je awo sau 8. A wurin awo ake gwada hawan jini, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Kada a jira gari ya waye idan aka ga:
• zubar jini
• kumburin fuska da hannuwa
• ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi
• naƙudar da ta wuce awa 12

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Idan maigida ba ya nan, wa zai ba da izini a kai matarsa asibiti? Sun shirya wannan tun da wuri?
2. Wane mai mota ne a garinmu zai yarda a tashe shi da tsakar dare?
3. Zumuntar mata za ta iya kafa asusun rance domin ranar haihuwa? Wa zai riƙe kuɗin?