Allura Ɗaya, Garke Guda: Batun Sankarar Jinin Shanu

Daga Kura zuwa Bunkure tambaya ɗaya makiyaya da masu turka ke ta yi min: saniya ta rame, kaluluwa ta fito mata a gaban kafaɗa, mai sayar da magani ya ce sankarar jini ce, wai akwai allurar da ke "wanke jini". Babu wannan allura. Duk wanda ya sayar maka da ita, kuɗinka ya ci.

Kafin ma a kai ga sankara, dabbar da ke kiwo a bakin magudanan ruwan Tiga, tana cin ragowar shinkafa a Kadawa, abin da za a fara zargi a jikinta shi ne ciwon hanta ko sammore. Waɗannan suna da magani.

Ita cutar da ake magana a kanta, BLV, ƙwayar bairos ce da ke shiga wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu haɗa garkuwar jiki, ta maƙale a cikin ƙwayar halittarsu har ƙarshen ran dabbar. Allah Ya tsara wa kowace ƙwayar jini wa'adinta: in ta tsufa ko ta lalace, sai ta kashe kanta, jiki ya kwashe ta. Wannan tsari ne bairos ɗin ke dagulawa. Ƙwayoyin da ya kama sukan ƙi mutuwa a kan lokaci, su yi ta taruwa kamar ciyawar da ta toshe kwalbati. Yawancin shanun da suka kamu ba sa nuna komai. Kusan kashi 30 cikin 100 fararen ƙwayoyinsu kan yi yawa, ƙasa da kashi 5 ne ke yin ƙari, galibi manyan shanu da suka haura shekara 3. Ƙarin kan fito a kaluluwa, ko zuciya, ko mahaifa, ko bayan ido har idon ya turo waje. In an kai nan, babu magani, babu kuma rigakafi a kasuwa.

To ina ta bi ta shiga garke? Ta jini. Na sha ganin mutum ya tsaya da sirinji ɗaya, ya soka wa wannan sa, ya goge bakin allurar da gefen rigarsa, ya soka wa na gaba, har garken ya ƙare. Ɗigon jinin da ido ba ya gani ya isa. Ga shi saniyar da ke ɗauke da cutar sumul take, ba za ka gane ta ba. Haka wuƙar dandaƙa, da abin huda kunne, da safar hannun da ake duba ciki da ita. Ƙudaje masu cizo da nonon uwa suna da nasu kason, amma allurar nan ita ce a hannunka. Kuɗin sabuwa bai kai na ƙwaryar dusa ba. Abin takaici, har wasu da suka yi karatun aikin suna wannan ganganci don sauri.

Kowace dabba da allurarta. Kayan yanka a tafasa su tsakanin dabba da dabba. San da ka sayo a kasuwar Wudil, ware shi tukuna. In ana zargi, likitan dabbobi ya ɗebi jini a tura ɗakin gwaji, irin na cibiyar Vom ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Wadda aka tabbatar tana ɗauke da cutar a raba ta da garke, nono kuma a tafasa shi kafin a sha ko a ba maraƙi.