Yadda Ake Tsayar da Jirgi a Gungu

Mu mutanen Gumbin Kure mun saba da kwale-kwalen fito, amma tuƙi a Kogin Kwara wani abu ne dabam. Na ga haka ran da na bi jirgin kasuwa daga Yawuri zuwa wani gungu, wato tsibiri. Daga wannan kalma Gungawa suka sami sunansu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu da yawa, aka sake wa mutanensu mazauni a gaɓa.

Abin da na lura shi ne, tsayawa ta fi tafiya wuya. Matuƙi ba ya dosar tasha ruwa na tura shi. Sai ya ɗan gota, ya juyo da goshin jirgi ya fuskanci ruwa, ya rage wutar inji. Yaronsa na gaba da doguwar gora, yana auna zurfi, yana laluben duwatsu da kututture. Da an taɓa gaɓa sai ya dira, ya ɗaure igiya a turke. Ba ya tamke ta, don ruwa na hawa yana sauka. Sa'an nan a fita ɗaya bayan ɗaya, domin in aka miƙe gaba ɗaya jirgi na iya kifewa.

Wannan ba wasa ba ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse a kan hanyar Wara, mutane da yawa suka rasu. Saboda haka, ya ku iyaye da 'yan'uwana ɗalibai, in kun ga lodi ya yi yawa ku jira na baya. Iya ruwa fid da kai. Allah ya kiyashe mu, amin.