Shu da danginsa

Lokacin sanyi garake sukan cika da shu. Masu garka suna sayen irinsa cikin ƴan ƙunshi ko cikin gwangwani. A jikin wasu za ku ga an rubuta F1. Mine ne ma'anar wannan rubutu?

Shu yana da dangi, kamar su shu-fuler da burokoli. Kamarsu ba ɗaya ba ce, amma kakansu ɗaya ne: wani ganyen daji na ƙasashen Turai. Manoma sun daɗe suna zaɓen irinsa. Wasu suka riƙa ajiye irin mai dunƙulallen ganye, wasu na mai dunƙulallen fure. Da haka aka samu kowane.

Tsiro yana gado kamar yadda mutum yake gado. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wannan shu zuwa wancan, sa'an nan iri ya fito. Cikin kowace ƙwayar halitta ta shu akwai zaren gado 18, waɗanda ake kira kuromozom: 9 daga uwa, 9 daga uba. Su ke ɗauke da launi, da girma, da siffar kai.

Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ya bayyana dokar gado a shekarar 1866. Ya haɗa wani waken Turawa dogo da gajere. Ƴaƴan farko duka suka fito dogaye. Da ya shuka irinsu, sai ya samu dogaye 787 da gajeru 277, wato wajen uku bisa ɗaya. Ashe gajarta ba ta ɓace ba, ɓoyewa ta yi.

To, F1 su ne ƴaƴan farko. Masu sarrafa iri suna haɗa tsantsar shu iri biyu. Ƴaƴan su tashi da ƙarfi, kawunansu su nuna kusan lokaci guda. Amma jikoki ba haka suke ba. Abin da ya ɓoye sai ya fito: wani babba, wani ƙarami, wani ya makara. Mai garkar da ya shuka irin da F1 ya haifa yana iya asarar ruwansa da wahalarsa.

Ban da haka, yawancin shu sai ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure. Shi ya sa samun irinsa ke da wuya a ƙasa mai zafi kamar tamu.

Tambayoyi
1. Ina kakan shu ya fito?
2. Zaren gado nawa shu ke samu daga uwa?
3. Mi Mendel ya gani ga jikokin wakensa?
4. Don mi ba a ajiye irin F1?

Aiki
Ku je garkar lakkwal, ku auna kawunan shu goma na fangali guda. Ku rubuta abin da kuka samu cikin kayenku.