Yadda Ake Neman Fasfo Daga Kafanchan

Mutumin Kafanchan da ya ƙudura niyyar ƙetare iyakar ƙasa, ko maniyyaci ne mai nufin sauke farali a Makka, ko Kirista mai ziyarar Urushalima, ko kuwa ma'aikaciyar jinya da Allah ya buɗa mata a wani asibitin Ingila, babu makawa sai ya bi ta hannun Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa. A da alhazai suna da fasfonsu na musamman, amma tun 2009 Saudiyya ta wajabta wa kowa ya zo da koren nan na gama-gari, wanda tun 2007 ake dasa masa ƙwayar na'ura mai ɗauke da bayanan mai shi.

Tattara takardu ba ya bukatar dogon sharhi. Mutum ya karɓo shaidar asali daga sakatariyar ƙaramar hukumarsa, Jama'a ce ko Kaura ko Zangon Kataf ko Jaba, ya haɗa da takardar haihuwa, in babu ya yi rantsuwar shekaru a kotu, sa'an nan ya riƙo lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, ya nufi shagon kwamfuta. Samarin da ke cika takardu a waɗannan shaguna, a ganina, su ne magadan marubutan wasiƙun da ke zama a bakin gidan waya a zamanin da jirgin ƙasa ke raya garin nan, kuma nagari a cikinsu, kamar magabatansa, ba ya rubuta harafi sai ya yi tambaya.

Wurin da ake gane gwani shi ne muƙabala, wato gwada takardun da juna tun ba a biya ko kwabo ba. Dalili kuwa, mutumin kudancin Kaduna sau da yawa yakan tashi da suna uku: akwai na gida da kakarsa ta raɗa masa da harshen Bajju ko Atyap, akwai na baftisma ko na yanka, ga kuma wanda wani malamin firamare ya ga dama ya rubuta masa a rajista, ya mai da sunan ƙauye sunan mahaifi, ta haka za ka tarar da Yohanna a takarda ɗaya, John a wata, ko Muhammadu nan, Mohammed can, ga shekarar haihuwa da aka taɓa ragewa saboda neman aiki. Na'urar hukuma kuwa ba ta karɓar tawili, abin da ke cikin NIN shi kaɗai ne hujja a wurinta. Saboda haka gwani yakan shimfiɗa takardun a tebur ya bi su da yatsa harafi harafi, yadda alaramma ke duba sabon rubutu da uwar littafi, ya tabbatar da wane suna ne a gaba, wane ne a tsakiya. In ya ga saɓani, komai ƙanƙantarsa, sai ya dakatar da aikin, ya tura mai shi ya gyara a hukumar katin ɗan ƙasa, da rantsuwar kotu da sanarwar jarida idan lamarin ya kai ga sauya suna, a jira gyaran ya bayyana. Mai gaggawar da ya ƙi wannan nasiha yakan ɗaure kuɗinsa ne kawai, alhali tun Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000.

Idan takardu sun daidaita, saura mai sauƙi ne. A cika, a biya, a zaɓi rana, a yi sammako zuwa Kaduna ta hanyar Kachia, ko a hau tudu zuwa Jos da ta fi kusa, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Sai dai manomin citta da kaftu ya cinye masa zanen hannu yakan sha dangwale kafin na'ura ta gamsu. Ranar karɓa a karanta shafin bayanai a tsanake tun ba a bar ƙofar ofis ba, a kuma riƙe ranar ƙarewarsa, domin Saudiyya da ƙasashe da dama ba sa karɓar fasfon da wa'adinsa ya rage ƙasa da wata 6.