Ɗalibin Da Ya Tafi Bincike Ƙasar Waje: Matafiyi Ne Ko Mazauni?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Barin gida domin neman ilmi tsohuwar al'ada ce ta Musulmi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham domin hadisi ɗaya tak. Malam Muhammadu Alkashinawi kuwa ya bar Katsina, ya yi aikin hajji, ya zauna Alƙahira yana karatu da wallafa har ya rasu a can a 1741. Ɗalibin da ke neman digirin dakta, wanda jami'arsa ta tura shi Ingila ya yi wata shida ko shekara yana bincike, a kan wannan turba yake. Amma akwai mas'alar da ya kamata ya sani tun kafin ya ɗaure kayansa, watau matsayinsa a shari'a idan ya sauka.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, ana yin kasaru ne a tafiyar da ta kai mil 48. Da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani gari, ko gwargwadon salloli 20, to, hukuncin tafiya ya faɗi daga kansa. Hanafiyya sun kai iyakar zuwa kwana 15. Ko da wanne aka ɗauka, mai zaman watanni ya wuce ta. Saboda haka ɗalibin nan matafiyi ne a hanya, mazauni ne ranar da ya shiga garin da zai yi aikinsa. Zai cika salla raka'a huɗu, Jumma'a ta wajaba a kansa, azumin Ramalana ma haka. Kewar gida da baƙunta ba su mai da shi matafiyi ba.

To, tun da mazauni ne, lalle ne ya koyi sararin samaniyar garin da ya sauka. Wanda ya saba fuskantar gabas a Kano, idan ya je Landan alƙiblarsa tana kudu maso gabas. Lokatan salla kuwa suna sauyawa ƙwarai. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, har Azahar da La'asar da Magariba su auku duka yana cikin ɗakin gwaje-gwaje ko laburare. Dabara ita ce ya sanar da malamin da ke duba aikinsa tun makon farko, ya nemi wuri mai tsabta, ya kuma keɓe sa'ar Jumma'a a cikin tsarin aikinsa. Abin da aka faɗa da wuri cikin ladabi ya fi saurin karɓuwa bisa ga wanda aka yi ta ɓoyewa.

A watan Yuni sai al'amari ya juya. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, hasken shafaƙi kuma yakan daɗe bai gushe ba. Shekarar da azumi ya faɗo cikin wannan wata, kamar 2016, mai azumi yakan yi awa 18 ko fiye. Muddin ana samun dare da rana cikin awa 24, azumi daga ketowar alfijir ne zuwa faɗuwar ranar garin da yake, ba ta garinsu ba. Wanda wahala ta kai shi ga tsoron cuta, sai ya sha ya rama. Inda alamar Lisha ta ɓace kuwa, malamai sun yi ƙiyasi da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya yi umurni a ƙaddara lokaci. A nan abin da ya fi dacewa da baƙo shi ne ya bi jadawalin masallacin unguwarsa, kada ya ware da nasa lissafi.

Kuma mazauni yana da maƙwabta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, dukansu suna da hakki a kansa. Ya cika alkawari, ya kiyaye dokar ƙasar da ta ba shi izinin shiga, ya riƙe amanar bincikensa. Ta halinsa ne abokan aikinsa za su auna addininsa.

Allah Shi ne Mafi sani.