Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Idan yaro ya shekara shida a makarantar firamare, to, ya iso bakin wata ƙofa. Bayan ƙofar nan akwai makarantar sakandare. A Nijeriya, dokar ilmi ta shekarar 2004 ta ce wajibi ne kowane yaro ya sami karatun shekara 9 kyauta, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Amma makarantu ba ɗaya suke ba. Waɗansu masu nemansu sun fi gurabensu yawa, saboda haka akan gwada yara da jarrabawa kafin a ɗauke su.

Cikin makarantun da ake rububinsu akwai kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda yawansu ya wuce 100. Ta Sakkwato tana cikin na farko, an buɗe ta a 1966. An kafa su ne domin yara daga kowane sashe na ƙasa su zauna wuri guda, su san juna. Hukumar jarrabawa da ake kira NECO, wadda aka kafa a 1999, mai babban ofishi a Minna, ta yi shekaru tana shirya jarrabawar shiga waɗannan kwalejoji. Ta shekarar 2025 a watan Yuni aka yi ta. Jihohi da yawa kuma sukan shirya tasu domin makarantunsu. Tsarin jarrabawa yakan sake daga lokaci zuwa lokaci, don haka hedimasta shi ne wanda za a tambaya a ji yadda ta bana take.

Kome sakewar tsari, abin da ake nema wurin yaro bai sake ba. Ana so a ga ya iya lissafi, yana karanta Turanci ya fahimta, ya san wani abu na kimiyya da zaman jama'a. Akan kuma gwada kaifin hankalinsa. Misali, a rubuta masa 2, 5, 8, 11, a ce ya faɗi lambar da ke biye. Yaro mai lura zai ga uku uku ake ƙarawa, sai ya rubuta 14. Irin wannan iyawa ba a samunta dare ɗaya. Shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskuren da yara suka fi yi shi ne su ajiye littafi sai saura mako guda, sa'an nan su hana idonsu barci. Abin da aka cusa wa kai da gaggawa, da gaggawa yake fita. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya bincika al'amarin mantuwa, ya buga abin da ya gano a 1885. Ya ga mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan an koyi abu, amma in ana komawa kansa bayan kwana ɗaya, da bayan 'yan kwanaki, sai ya zauna. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin haka. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, kuma ba ya barin tilawar abin da ya wuce don ya sami sabon karatu.

Ga lissafin da zai nuna amfanin yi da kaɗan kaɗan. In yaro ya keɓe minti 30 kowace rana, kwana 5 a mako, har mako 30, ya yi karatun awa 75 ke nan ban da na aji. In kuma yana koyon sababbin kalmomin Turanci 3 kowace rana cikin wannan lokaci, zai tara kalma 450. Ba wanda zai iya haɗiye wannan cikin mako guda, amma mai yi sannu sannu ba zai ko ji nauyinsa ba.

Sai dai akwai karatu, akwai kallon takarda. Yaro yakan karanta shafi sau biyar, ya ɗauka ya iya, don idonsa ya saba da shi. Hanyar da ta fi ita ce ya karanta sau ɗaya da natsuwa, ya rufe littafin, ya faɗi abin da ya tuna, ko ya rubuta shi. Sa'an nan ya buɗe ya ga inda ya yi kure. Lissafi kuwa sai da fensir a hannu. Wanda bai haddace jadawalin sau ba, daga sau 2 zuwa sau 12, zai ɓata lokaci yana ƙirga da yatsu alhali 'yan'uwansa sun yi gaba. Kuma yaro mai wayo yakan fi ba da ƙarfi ga darasin da ke ba shi wuya, ba ya tsayawa kan wanda ya riga ya iya don yana masa daɗi.

Malamin aji shida yana da nasa aiki. Yakan kawo tambayoyin shekarun baya, ya zaunar da yara kamar ranar jarrabawa, ya aje agogo a gabansu. In tambaya 60 ce cikin minti 60, kowace tambaya minti guda ke gare ta. Wadda ta gagara sai a tsallake ta, a dawo mata daga baya. Malami yakan kuma koya musu cika takardar amsa, gama a yawancin irin waɗannan jarrabawa na'ura ce ke duba ta. Na'ura ba ta san uzuri ba. In yaro ya cika gida biyu a tambaya ɗaya, ko ya sa amsar tambaya ta 7 a layin ta 8, ya yi hasarar makin ko da ya san amsa.

Iyaye ma suna da rabo babba, ko da ba su yi karatun boko ba. Uba yana iya samar da fitila da wuri marar hayaniya. Uwa tana iya rage wa yarinya talla da aikace-aikacen gida a wannan shekara, don sau da yawa yarinya mai ƙwazo takan faɗi saboda gajiya kawai. Tambayar nan ta kullum, “Me aka koya muku yau?” tana da amfani ƙwarai, gama yaron da ya bayyana wa mahaifiyarsa darasi ya yi bitarsa ke nan. Likitoci kuma sun ce yaro mai waɗannan shekaru yana bukatar barcin awa 9 ko fiye kowane dare. Tsoratarwa da bulala ba sa ƙara fahimta, sai dai su sa yaro ya rikice.

Akwai wata hanya da waɗansu ke bi, watau satar amsa. Wannan laifi ne a dokar ƙasa, akan soke sakamakon wanda aka kama. Wanda ma ba a kama ba ya cuci kansa, domin zai shiga sakandare ya tarar da karatun da ba shi da tushensa, ya zauna a aji kamar baƙo.

In ranar ta zo, tun da dare yaro ya tanadi fensir biyu, da abin fiƙe su, da magogi, da katinsa na shiga. Ya kwanta da wuri, ya karya kumallo, ya isa wurin kafin lokaci. In an raba takarda, ya karanta umurni tukuna, ya rubuta sunansa da lambarsa daidai. In ya gama da sauran lokaci, ya sake dubawa. Wanda ya yi duk wannan ya sauke nauyin da ke kansa, sauran sai ya bar wa Allah. In kuwa bai sami makarantar da ya so ba, kada ya karai, akwai waɗansu, kuma halin karatu da ya koya cikin shekarar nan zai bi shi duk inda ya tafi.

Tambayoyi

1. Shekara nawa dokar 2004 ta wajabta wa kowane yaro a makaranta?
2. Don me almajiri ba ya barin tilawa?
3. Yaron da ke koyon kalma 4 kowace rana, kwana 5 a mako, kalma nawa zai tara cikin mako 20?
4. Wace lamba ce ke biye: 3, 6, 12, 24?
5. Ta wace hanya iyayen da ba su yi boko ba za su taimaki 'ya'yansu?
6. Mene ne ma'anar karin maganar da aka sa wa wannan darasi?