Gadon Asibiti ga Mai Taɓin Hankali: Yadda Ake Jinyar Manya da Tsofaffi

GABATARWA

A Kano idan aka ce wa mutum "sai Dawanau", ko a Sakkwato aka ce masa "sai Kware", ya san ba yabonsa ake yi ba. Sunayen garuruwan nan biyu sun zama abin zolaya a bakin yara da manya saboda asibitocin masu taɓin hankali da ke cikinsu. Wannan zolaya kuwa tana da illa babba. Don gudun abin da mutane za su ce, sau da yawa iyali kan kulle ɗan'uwansu a ɗaki, ko su sa masa mari, har shekara ta zagayo, ba za su nufi asibiti ba sai abu ya gagara. Darasin nan zai bayyana wa ɗalibi dalilin da ke sa likita ya ba mai taɓin hankali gado, da abin da ake yi masa idan an kwantar da shi, da kuma abin da ya sa jinyar tsoho ta bambanta da ta mai ƙuruciya.

ƘWAƘWALWA MA GAƁA CE

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita yayin hutawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai ɗan giɓi, kuma saƙo ba ya tsallake giɓin sai ta hanyar wasu sinadarai da ƙwaya ɗaya ke fesawa, ɗayar ta karɓa. Daga cikin waɗannan sinadarai akwai dofamin da sirotonin. Tunani da barci da farin ciki da tsoro duk sun dogara ne ga tafiyar waɗannan saƙonni bisa tsari.

Idan tsarin ya sami tangarɗa, sai alamu su bayyana a magana da ɗabi'a, kamar yadda ciwon huhu ke bayyana a tari. Abubuwan da kan jawo tangarɗar suna da yawa, kuma sukan haɗu: gado, da buguwa a kai, da cututtuka irin su sanƙarau, da shaye-shaye, da tashin hankalin rayuwa. Saboda haka mai taɓin hankali majinyaci ne kamar mai ciwon sukari, kuma gaɓar da ke masa ciwo tana amsa magani.

DAGA TURU ZUWA GADO

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san turu da mari ba. A Turai ma an daɗe ana ɗaure masu wannan ciwo, sai a ƙarshen ƙarni na 18 likita Philippe Pinel da mai kula da majinyata Jean-Baptiste Pussin suka soma kwance musu sarƙoƙi a asibitocin birnin Faris. A Nijeriya, gidan da Turawan mulki suka buɗe a Yaba ta Legas a 1907 wurin tsarewa ne fiye da wurin magani, kuma dokar da aka kafa a 1916, aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da killace majinyaci.

Abubuwa biyu suka sauya al'amarin. Na farko shi ne samun magani. A 1949 wani likita a Ostareliya mai suna John Cade ya nuna amfanin gishirin litiyam ga masu zabura, sannan a 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada maganin kilofuromazin a Faris, suka ga majinyatan da suka gagari kowa sun natsu. Na biyu shi ne aikin Dokta Thomas Adeoye Lambo a asibitin Aro da ke Abeokuta. A 1954 ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin suka riƙa saukar da majinyata a gidajensu, kowanne tare da wani danginsa. Da rana su je asibiti karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Wannan tsari ya yi suna a duniya, kuma daga baya Lambo ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da ya bari shi ne kada jinya ta raba majinyaci da danginsa.

Tsohuwar dokar 1958 ta ci gaba da aiki har watan Janairu na 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta tanadi haƙƙoƙin majinyaci, ta kuma shimfiɗa ƙa'idojin kwantar da shi da yardarsa ko ba da yardarsa ba. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, ban da sassan da ke wannan aiki a asibitocin koyarwa na jami'o'i.

WA AKE BA GADO?

Mafi yawan masu taɓin hankali ba sa buƙatar kwanciya. Sukan ga likita, su karɓi magani, su koma gida. Ana ba da gado ne idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Majinyaci yana barazanar halaka kansa ko ya riga ya gwada.
2. Akwai tsoron ya ji wa wani ciwo.
3. Ya daina ci da sha, ko ya kasa kula da tsabtar jikinsa.
4. Likita yana buƙatar ya sa masa ido dare da rana kafin ya gane ainihin ciwon.
5. Maganin da za a ba shi yana buƙatar awo akai-akai.

Cututtukan da suka fi kai baligi ga gado su ne: sikizofireniya, wadda kan soma tun daga ƙarshen samartaka, majinyaci ya riƙa jin muryoyin da babu su ko ya yi imani ana farautarsa, kuma tana samun kimanin mutum 1 cikin 300, ciwon zabura da lafawa, inda mutum kan kwana da kwanaki ba barci yana surutu da ɓarnar dukiya, daga baya ya faɗa cikin baƙin ciki, ciwon damuwa mai tsanani, taɓin hankalin da kan sami mace cikin makonnin farko na jego, da kuma wanda tabar wiwi da ƙwayoyin maye ke jawowa.

ABIN DA AKE YI A ƊAKIN JINYA

Aikin farko shi ne tambaya. Likita zai zauna da majinyaci, sannan ya zauna da wanda ya kawo shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaushe abin ya soma? Yana barci? Me yake sha? An taɓa yin irinsa a dangi? Daga nan sai a duba jiki gaba ɗaya: zafin jiki, da bugun jini, da awon jini da na fitsari. Wannan mataki wajibi ne, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko faɗuwar sukari a jini, ko wani nau'in farfaɗiya, duk suna iya shigowa da rigar hauka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban da likita akwai ma'aikatan jinya waɗanda ke rubuta yadda majinyaci ya ci da yadda ya kwana, da masanin halayyar ɗan'adam da ke tattaunawa da shi, da mai koyar da sana'ar hannu, da ma'aikacin jin daɗin jama'a da ke sada asibiti da gida. Maza da mata ɗakunansu daban. Ana kawar da wuƙa da reza da igiya. Akwai lokacin tashi, da na wanka, da na magani, da na ibada da hutawa, domin tsayayyen tsari yana taimaka wa barci ya daidaita.

Yawancin magungunan sikizofireniya suna aiki ne ta hanyar tare wuraren da dofamin ke sauka a jikin ƙwayar jijiya. Tashin hankali kan lafa cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki makonni. Sai dai dofamin yana da hannu a motsin jiki ma. Shi ya sa wani majinyaci kan sanƙare, hannunsa ya riƙa karkarwa, yawu ya riƙa zuba, har dangi su ce asibiti ta mai da shi gunki. Wannan illar magani ce da likitoci suka sani, kuma tana gyaruwa idan aka rage maganin, ko aka sauya shi, ko aka haɗa da wani. Maganin damuwa kuwa yakan kai mako 2 zuwa 4 kafin a soma ganin amfaninsa. Litiyam ta ƙoda yake fita, don haka idan jiki ya rasa ruwa, kamar a zafin bazara ko lokacin gudawa, yakan taru a jini ya zama guba. Wannan ne dalilin auna jinin mai shan sa.

Akwai kuma magani da wutar lantarki, wanda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka soma a birnin Rum a 1938. Inda ake bin ƙa'idar zamani, sai an yi wa majinyaci allurar barci da ta sassauta tsoka kafin a yi shi. Yana ceton ran wanda damuwa ta hana shi ci da sha, ko da yake yakan bar 'yar mantuwa ta wani lokaci.

JINYAR TSOFAFFI

A ɗauki misalin tsohuwa mai shekara 72 wadda jiya lafiya lau ta raba wa jikoki tuwo, yau kuma ta tashi ba ta gane 'yarta, tana sambatu, tana cewa ga mutane a jikin bango. Wasu za su ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta. Wasu ma har su jefe ta da maita. Likita kuwa zai tsaya ya bambance abubuwa uku.

Na farko shi ne ruɗewar farat-ɗaya. Tana zuwa cikin sa'o'i ko kwanaki, ta yi sauƙi da rana ta tsananta da dare. Tushenta a jiki yake: ciwon mafitsara, ko limoniya, ko ƙarancin ruwa, ko wani magani da aka sha. Wannan hali ne na gaggawa, domin yana iya kisa, amma idan aka magance tushen sau da yawa hankali kan dawo. Abin da ya fi kama da halin tsohuwar nan ke nan.

Na biyu shi ne ciwon mantuwa, wanda ke tafiya sannu a hankali cikin watanni da shekaru. Mafi yawansa cutar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 ce ke jawo shi, inda ƙwayoyin jijiya ke mutuwa, ƙwaƙwalwa ta riƙa motsewa. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna haddasa wani nau'insa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da ciwon mantuwa. Cuta ce, ba kowane tsoho ke yin ta ba. Maganin da ake da shi ba ya warkar da ita, amma kulawa tana rage wahala ƙwarai.

Na uku shi ne ciwon damuwa, wanda kan biyo bayan rasuwar abokin zama ko kaɗaici. Tsoho ya yi shiru, ya ƙi abinci, ya riƙa cewa ya manta, har a zaci mantuwa ce, alhali kuwa yana warkewa da magani.

Jikin tsoho ba ya ɗaukar magani kamar na saurayi. Aikin hanta da ƙoda ya ragu, ruwan jiki ya ragu, kitse ya ƙaru, don haka maganin barci irin su Valium yakan daɗe bai fita ba. Ƙa'idar likitoci ita ce a soma da kaɗan, a ƙara sannu a hankali. Haka kuma ana kiyaye faɗuwa, domin ƙashin tsoho ba ya jure ta, kuma karayar ƙugu kan kwantar da shi har ƙarshen rayuwa. Ana bar masa tabarau da carbinsa, a sa haske a ɗaki, a riƙa tuna masa rana da wuri, a kuma bar wani da ya saba da fuskarsa kusa da shi.

SALLAMA DA KOMAWA GIDA

Tun ranar da aka ba da gado ake shirin sallama, kuma mafi yawan majinyata makonni suke yi. Babban abin da ke mai da su asibiti shi ne barin magani da zarar an ji sauƙi. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya akwai allurar da ake yi duk mako 2 zuwa 4. Ya kamata dangi su san alamun dawowar ciwo, musamman rashin barci da yawan zargi, su kuma bar wanda aka sallama ya koma gonarsa ko kasuwarsa. Addu'a da magani ba sa karo da juna, kada a ajiye ɗaya saboda ɗaya.

KAMMALAWA

Ɗakin masu taɓin hankali ɗakin jinya ne kamar sauran ɗakunan asibiti: a gano ciwo, a ba da magani, a mai da mutum cikin iyalinsa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Gwargwadon saurin kai majinyaci, gwargwadon sauƙin jinyarsa. Ɗalibin da ya ga kakarsa ta ruɗe dare ɗaya, ya ce wa iyayensa a kai ta asibiti yau ɗin nan, ya yi amfani da iliminsa inda ya dace.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Ta yaya saƙo ke tsallakawa daga ƙwayar jijiya zuwa wata?
2. Kawo dalilai 3 da ke sa likita ya ba mai taɓin hankali gado.
3. Me ya sa maganin da ke tare dofamin kan jawo karkarwa?
4. Bambance ruɗewar farat-ɗaya da ciwon mantuwa.
5. Me ya sa ake rage wa tsoho yawan magani?